BA DON KUKA AKA RAƊA SUNAN ASMA'U BA



Yau a kan suna guda ɗaya zan yi magana, kuma na san akwai waɗanda maganar ba za ta yi wa daɗi ba, musamman 'yan sana'armu ta rubutun littattafan hikaya, da maƙwabtanmu 'yan fim da mawaƙan sitidiyo. To sai dai a yi haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Sunan nan shi ne Asma'u. Abin da ke bakina ba shi da tsawo: wannan suna na mata masu ilmi ne da ƙarfin zuciya, masu faɗa a ji, amma da ya faɗo hannun masu ƙirƙira na wannan zamani sai ya koma sunan yarinyar da ba ta da aikin yi sai kuka da jiran mai mota. Abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma a matsayina na 'yar Gwandu ina ganin ina da bakin magana, saboda dalilin da zan kawo nan gaba kaɗan.

Duk wanda ke bibiyar littattafan da ake saki a WhatsApp da Wattpad, ko waɗanda ake karantawa a YouTube mata na saurare suna wanke-wanke, ya san irin Asma'un da nake nufi. Da farko ma ba a barin sunan yadda yake. An raina Ma'u, wai sunan 'yan ƙauye ne, sai a ce Asmy ko Asmee, ko kuma Husnah da wani harafi a ƙarshe wanda babu wanda ya san aikin da yake yi. Haka aka yi wa Zainabu ta koma Zee, Fatima ta koma Teemah, Hadiza ta koma Deejah. Daga nan sai a shiga siffanta ta: fara ce sol, ga dogon hanci, ga wushirya, ga dara-daran idanu, gashi har gadon baya. Sai a ci shafi uku ana kan jikinta ba a ce uffan a kan abin da ke cikin kanta ba. Sannan labari ya miƙe. Marainiya ce, matar uba na gana mata azaba, tana tallar awara a bakin titi, wani ɗan mai kuɗi da ya dawo daga Ingila ya fantsama mata ruwan kwata da motarsa, ta yi magana ya kwaɗa mata mari, ƙaddara ta sa aka ɗaura musu aure, ya yi babi 40 yana wulaƙanta ta tana kuka tana suma, a babi na 41 ya gane ashe sonta yake yi. Shi ke nan, tammat bi hamdillahi, sai a tura kuɗin littafi na biyu.

A ɓangaren waƙa ma kanwar ja ce. Kada wani ya ɗauka ina ƙin a sa sunan mace a waƙa ne, wannan tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Marigayi Mamman Shata ya yi wa Indon Musawa, ya yi wa Kilishi Jikar Dikko. Haruna Uji ya yi Balaraba. Da fim ya zo, duk wanda ya yi wayo a wajajen shekarar 2000 ya san Zubaina ta cikin Sangaya, ya san Wasila, daga baya kuma aka yi Aisha Humaira. Bambancin shi ne in Shata ya kama sunan mace, kafin ya sauke kalangu ka san ko 'yar wace ce, ka san garinsu, ka san abin da ta yi har ta cancanci waƙa. Yau kuwa sunan ciko ne kawai. Ka cire Asma'u ka sa Hauwa'u, waƙar ba za ta san an yi mata canji ba tunda amsa-amon bai karye ba. Masu waƙar biki ma sun sauƙaƙa wa kansu: waƙa ɗaya ce a ajiye cikin kwamfuta, a aiko da sunan amarya da na ango ta waya, a cusa, a biya. Asma'un wannan Asabar ita ce Maryamar Asabar mai zuwa.

Wani zai ce haba Hajiya, suna ne fa kawai, kuma labarin ƙirƙira ne, mene ne na tayar da jijiyar wuya? Wanda ya faɗi haka bai san ƙarfin sana'ar da yake yi ba. Hausawa sun ce suna linzami, kuma marubuci na cikin masu riƙe da wannan linzamin. Tun da Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, duk wanda ya karanta shi in aka ce Sumayya akwai yarinyar da ke faɗo masa a rai. Haka Boɗaɗo ta cikin So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980. Haka Abu ta cikin Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi wa auren dole, ta ƙi yarda rayuwarta ta ƙare a nan, ta koma neman ilmi. Waɗannan marubuta sun ɗauki suna sun zuba masa hali, har sunan ya tsaya da ƙafarsa. Ke nan marubuci na iya ɗaukaka suna, yana kuma iya zubar masa da ƙima. In ka yi shekara 10 kana nuna wa 'yan mata cewa Asma'u ita ce wadda ake mari ta yi shiru, to ka koyar da darasi ko ba ka yi niyya ba.

Bari mu koma ga masu sunan na asali, don a ga nisan da ke tsakani. Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar ita ce ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta abinci lokacin da suke ɓoye a kogon Sauru a hanyar hijira, ta raba ɗamararta biyu ta ɗaure guzuri da ita, shi ya sa ake mata laƙabi da ma'abuciyar ɗamara biyu. Ita ce mahaifiyar Abdullahi ɗan Zubairu, kuma tana tsohuwa tukuf ta tsaya gaban Hajjaju ta mayar masa da magana ba tare da tsoro ba. Akwai kuma Asma'u 'yar Yazidu, wadda mata suka wakilta ta je gaban Annabi (SAW) ta yi tambaya da yawunsu. Don Allah a cikin waɗannan wace ce ta yi kama da mai suma a babi na 12?

Sai tamu ta gida, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An haife ta a Ɗegel wajen 1793, kuma tagwaye ne ita da ɗan uwanta Hassan. Kowa ya san sunan da al'ada ke ba macen tagwaye, amma Shehu ya tsallake wannan ya raɗa mata Asma'u. Ashe ke nan zaɓen sunan aka yi da gangan, ba tsintarsa aka yi a hanya ba. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Ta ga lokacin Tabkin Kwatto, ta ga baƙin cikin Tsuntsuwa inda aka rasa malamai da mahaddata masu yawa, ta sha yunwa da tafiyar ƙasa tare da sauran mata da yara.

A nan ne maganar Gwandu ta shigo. Bayan an ci Birnin Kabi a 1805 ƙarƙashin jagorancin Malam Abdullahi, jama'ar Shehu sun taso sun zauna a Gwandu. A wannan shekarar aka yi yaƙin Alwasa inda jama'a suka sha kashi, abokan gaba suka biyo su har bakin gari, a lokacin ko ganuwa babu, Allah ya taimaka aka kore su. A garin nan Shehu ya zauna da iyalinsa har aka ci Alƙalawa a 1808, kafin ya koma Sifawa. Ke nan shekarun da Asma'u ta tashi daga yarinya ta zama budurwa a Gwandu ta yi su, kuma a wannan zamani ne, wajen 1807, aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato daga baya. Da baffanta Malam Abdullahi ya rasu a 1829 aka rufe shi a Gwandu, ta yi masa marsiyya. To amma ka tsayar da 'yan mata 10 masu wannan suna a Gwandu ko Kalgo ko Jega, ka tambaye su abin da mai sunansu ta rubuta. Za su ce maka 'yar Shehu ce, waliyyiya ce, Allah ya ba mu albarkacinta. Daga nan sai shiru. Amma ka tambaye su labarin Asmy da ɗan mai kuɗi, sai ka gaji da ji.

Ga kaɗan daga abin da ya kamata su sani. Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma abin da ya tsira na ayyukanta ya haura 60. A 1831 ta mayar da waƙar mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa, wadda ke jan kunnen masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa a kan zalunci. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 a cikin gajeruwar waƙa don mace ta haddace su tana daka ko kaɗi. Tarihin hijira da yaƙe-yaƙen da ta gani da idonta ta zuba shi a waƙa, wanda aka sani a Hausa da Waƙar Gewaye. Ba ta tsaya ga rubutu ba, ta kafa tsarin 'yan taru: ta zaɓi dattijan mata masu hankali ta naɗa su jaji, ta ɗora musu malfa da jan rawani, su ne ke jagorantar ayarin mata daga ƙauyuka zuwa wurinta, su ɗauki karatu a waƙe su koma su koyar da waɗanda aure da goyo suka hana fita. Bayan rasuwarta a 1864 ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, kuma shi ne ya kamata ya ba mawaƙanmu da marubutanmu kunya, shi ne yadda ita kanta Nana ta yi da sunayen mata a cikin waƙoƙinta. A 1837 ta yi Tawassuli Ga Mata Masu Albarka, inda ta jero mata tun daga iyalan gidan Annabi (SAW), ta biyo ta kan su Rabi'atul Adawiyya, har ta sauko kan matan zamaninta da ta sani ido da ido. Ta yi wa ƙawarta A'isha marsiyya. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, mace ce kamar kowa, ba sarauniya ba, saboda kirkinta da zaman lafiyarta da mutane. Ta yi wa Zaharatu, wadda ke zuwa wurin mata masu naƙuda da wankan gawa. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta, wadda ta yi shekaru tana kai da kawowa da ayarin ɗalibai. Ka duba da kyau mai karatu, abin da ya sa waɗannan mata suka shiga waƙa shi ne aikinsu da halinsu. Yau fiye da shekara 160 da rasuwar mai waƙar, har yanzu an san abin da Zaharatu ta yi wa unguwarsu. Wace Asma'u ce cikin waƙoƙin sitidiyo za a tuna da abin da ta yi nan da shekara 5?

Yanzu bari in juyo kan ɗaya ɓangaren, don ba 'yan sana'armu kaɗai ke cin amanar sunan nan ba. Akwai waɗanda suka mayar da shi bulalar dukan mata marubuta. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an sha ce mini wai mace mai mutunci ba ta rubuta littafi a kai kasuwa, in ina son koyi in yi koyi da Nana Asma'u in zauna a ɗakina. Ikon Allah! Wato a ce da kai ka bar noma ka yi koyi da sarkin noma. Mutanen nan sunan kawai suka riƙe, sun manna shi a allon makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai, amma ba su taɓa buɗe abin da ta rubuta ba. Mun ga irin wannan kallon raini tun farkon shekarun 1990 da aka laƙaba wa rubutunmu sunan Adabin Kasuwar Kano, mun kuma ga ƙarshensa a 2007 lokacin da gwamnatin Kano ta zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ta hannun A Daidaita Sahu, ta cinna wa littattafan Hausa wuta a bainar jama'a. Ba ina haɗa kaina ko wata marubuciya da 'yar Shehu ba ne, wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa, kuma ita addini ta rubuta, mu labarin zaman duniya muke rubutawa. Amma hanyar da ta bi a bayyane take: ta iya Larabci sarai, duk da haka ta sauko ta yi magana da matan ƙauye da harshen da suke ji, a cikin sigar da za su iya riƙewa. Duk macen da ta ɗauki biro ta rubuta Hausa don 'yan uwanta mata su karanta su ƙaru, a kan wannan turba take, ko ta sani ko ba ta sani ba. Mai cewa a ajiye biro da sunan Nana, shi da mai rubuta Asmy duk jirgi ɗaya ya kwaso su: dukansu sun raba sunan da alƙalami.

Sai hujjar da aka fi fakewa da ita, wai kasuwa ce, abin da masu karatu ke so ke nan, in ba a sa mari da kuka da ɗan mai kuɗi ba littafi ba zai tafi ba. Na daɗe cikin harkar nan tun ana kai littafi kasuwa a ɗaure cikin kwali, kuma ban yarda da wannan magana ba. Alhaki Kuykuyo Ne labarin Rabi ne, matar aure mai 'ya'ya da miji ya kora ta tashi ta nemi na kanta, babu ɗan sarki babu jirgin sama, amma ya karɓu har aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Masu karatu ba su ƙi mace mai hankali ba, marubuta ne suka ga rubuta mai kuka ya fi sauƙi, don ba ya buƙatar bincike ko tunani. Wanda kullum tuwon jiya ake ba shi, ba za a ce ba ya son sabon tuƙi ba. Kuma ni ban ce a daina rubuta soyayya ba, ita ce abincinmu, ita ce kuma ke jawo yarinya ta zauna ta karanta shafi 200 da Hausa. Ban kuma ce duk jarumar da aka sa wa Asma'u sai ta zama waliyyiya ba. Asma'un da muke zaune da su iri-iri ne: akwai malamar Islamiyya, akwai ungozoma, akwai mai sayar da fura, akwai mafaɗaciya, akwai mai rowa. A rubuta su duka. Abin da nake roƙo shi ne a ba ta kai, a ba ta aikin hannu, a bar ta ta yanke shawara ko da sau ɗaya ne a cikin littafin, ko da shawarar ba ta yi kyau ba.

Abin da ya ƙara mini takaici shi ne waɗanda suka ɗauki sunan nan da daraja daga nesa suka zo. Wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, ita ta zauna shekara da shekaru tana bin takardun Nana da ke gidan marigayi Waziri Junaidu a Sakkwato, ta fitar da tarihinta a 1989, sannan ita da Beverly Mack ta Amurka suka tattara ayyukanta cikin ƙaton littafi a 1997. A can Amurka, a birnin Pittsburgh, an samu mata Musulmi da suka kafa ƙungiyar karatu suka sa mata suna 'Yan Taru. Mu kuwa da abin yake a ƙofar gidanmu, mun bar shi ga 'yan jami'a masu neman digiri, mun koma muna kwaikwayon finafinan Indiya da na Koriya. Abin kunya ne a ce mai son sanin wadda ta yi budurcinta a Gwandu sai ya iya Turanci tukuna.

Kada a ɗauka wannan gardamar marubuta ce kawai. A jiharmu ta Kebbi, tun bayan da 'yan bindiga suka shiga makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a 2021 suka kwashe ɗalibai, iyaye da dama gabansu na faɗuwa in aka ce a kai 'ya mace makarantar kwana, wanda dama can yana neman dalili kuwa ya samu. A irin wannan hali, abin da yarinya ke ji a waya cikin dare yana da tasiri a kan abin da take ganin za ta iya zama. In duk labarin da ke shiga kunnenta yana ce mata mafita ɗaya ce, ki yi kyau ki yi haƙuri da mari har mai kuɗi ya so ki, to kada mu yi mamaki in ta ajiye littafi. In kuwa ta ji cewa mai sunanta ta yi karatu cikin yunwa da yaƙi a wannan gari da take taka ƙasarsa, wataƙila ta ƙara riƙe allonta da kyau.

Saboda haka ga ƙalubale ga 'yan uwana. Na san akwai masu jin nauyin sanya 'yar Shehu a cikin ƙagaggen labari ko a fim, kuma ina girmama wannan, ba sai an sa mata magana a baki ba. Amma me zai hana a rubuta labarin wata yarinya a Gwandu a shekarar Alwasa, wadda aka kashe mahaifinta, ga yunwa ga abokan gaba a bakin gari, ga kuma saurayin da bai dawo ba? Me zai hana a rubuta labarin wata jaji da ayarinta, da abin da suka tarar a hanya, da rigimar da ta bari a gida da kishiya da surukai? Akwai soyayya a ciki, akwai tsoro, akwai kishi, akwai duk abin da ke sayar da littafi. Mawaƙa kuma, in an kawo muku sunan amarya, ku tambayi abin da take yi da abin da aka san ta da shi kafin ku shiga sitidiyo, yadda magabatanku suka yi. Iyaye da malaman Islamiyya, ranar da kuka raɗa wa yarinya Asma'u kun ɗauki bashi, ku biya ta da labarin masu sunan. Wadda kuma ta ga lallai sai ta rubuta mai kuka da suma daga farko har ƙarshe, to sunaye ba su ƙare ba a duniya, ta ƙirƙiro wani ta sa mata, ta sakar mana wannan.

Wanda maganata ta ɓata wa rai ya yi haƙuri, gaskiya ɗaci gare ta. Allah ya jiƙan Nana Asma'u da mahaifinta da baffanta Malam Abdullahin Gwandu, ya shirya mana alƙalumanmu, ya raya mana 'ya'yanmu mata a kan ilmi, amin.

Wassalam.